Tsohon Ruwa, Sabuwar Ƙota: Tarihin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta da Yadda Ya Shafi Adar

Gabatarwa

Akwai wata magana da shugabannin makarantu da magatakardan ƙungiyoyin al'adu na birnin Tawa suka sha ji daga bakin masu gyaran kwamfuta, wadda ba kasafai take yi musu daɗi ba. An kai na'urar da ta fara nauyi domin a sake mata masarrafi, wato ɗan guntun nan da yake yin lissafi, sai mai gyara ya ce sabon masarrafin ba zai zauna a kan tsohuwar uwar kati ba, wato babban farantin da dukan sassan na'ura suke kafe a jikinsa, wanda masu gyara a Nijar suka fi kira kart-mer. In an daure an sayi sabuwar uwar kati, sai ya ƙara da cewa sandunan ƙwaƙwalwar da ke cikin tsohuwar ba za su shiga gurbin sabuwar ba, ko da kuwa lafiyarsu lau. Wanda ya fito gida da niyyar sayen abu ɗaya, sai ya koma da lissafin abu uku.

Da yawa sukan ɗauki wannan a matsayin wayon ƴan kasuwa. Alhali a mafi yawan lokuta gaskiya mai gyaran ya faɗa, kuma gaskiyar tana da tarihi na fiye da shekara 50, wanda ya faro daga ɗakunan bincike na Amurka, ya biyo ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Legas, kafin ya iso Adar. Sanin wannan tarihi ya kamaci malamai da ƙungiyoyi saboda dalili biyu. Na farko, kuɗin da ke hannunsu ba shi da yawa. Na biyu, a cikin waɗannan tsofaffin na'urori ne darussan Hausa, da wasannin kwaikwayo, da muryoyin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya suke kwance, kuma ranar gyara ce ranar da aka fi yin asararsu.

Abin da aka gada daga maƙera

Mutumin Adar ya gaji wata fahimta game da kayan aiki. Gatari ko hauya abu biyu ne, ruwa da ƙota. In ƙota ta karye, masassaƙi ya sassaƙa wata, maƙeri ya gasa tsinin ruwan har ya yi ja, ya huda ta da shi, su zauna daram. Ruwan gatarin kaka yana iya cinye ƙota biyar kafin ya iso hannun jika. Ƙirar Adar tsohuwar sana'a ce da ta ja hankalin masu bincike. Bafaransa Nicole Echard ta ɗauki fim a kan narkar da tama a wannan yanki, wanda ya fito a 1968 da sunan Noces de feu, wato auren wuta, sannan a 1975 ta wallafa littafinta a kan tarihin manoman Adar, a shekarar da Djibo Hamani ya fitar da nasa a kan Adar kafin zuwan Turawa.

Wannan fahimta ta yi aiki a kan kayan zamani ma. Keke, da rediyo, da keken ɗinki, da tsofaffin motocin Peugeot da Land Rover da suka yi shekaru suna zirga-zirga tsakanin Tawa da Abalak, duk an raya su ne ta hanyar cire wannan a sa wancan. Da kwamfuta ta iso, sai aka ga ita ma tana buɗuwa, sassanta suna cirewa, aka ɗauka dokar ɗaya ce. Rabin zaton ya yi daidai. Inda aka sha bamban shi ne ma'aunin ruwa da ƙota yana hannun mutum biyu da suke gari ɗaya, kuma wuta tana faɗaɗa ramin da ya yi ƙunci. Ma'aunin sassan kwamfuta kuwa kamfanoni ne suke yanke shi a wata nahiya, suna sake shi duk bayan ƴan shekaru, kuma babu dabarar maƙeri da za ta sa abin da ba a yi domin juna ba ya zauna.

Allo da gafaka

Kalmar ƙwaƙwalwa tana rufe abu biyu a cikin kwamfuta, kuma rikita su shi ne mafarin asara. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira ram. Misalinta misalin allon almajiri ne: a rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubutawa. Da an ɗauke wuta, duk abin da ke kanta ya wanke. Akwai kuma rumbun ajiya, wato faifan da ke riƙe da rubuce-rubuce da hotuna da sauti ko da na'ura tana kashe. Shi kuma misalinsa misalin littattafan da ke cikin gafakar malam ne. Faɗin allo yana sa karatu ya yi sauri, amma dukiyar tana cikin gafaka.

A shekarun 1950 da 1960, ƙwaƙwalwar aiki saƙa ce ta zahiri: ƙananan zobba na maganaɗisu da ma'aikata, galibi mata, suke zura wa siraran wayoyi da hannu. A 1966 wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Robert Dennard ya gano yadda za a ajiye ƙwayar bayani ɗaya a cikin ɗan mitsitsin ma'ajin lantarki mai ƙofa ɗaya, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1968. Aibin wannan ma'aji shi ne yana yoyo kamar tulu mai tsaga, dole a riƙa sake cika shi sau da yawa a cikin kowane sakan. Amma arharsa ta rinjayi aibinsa. A 1970 kamfanin Intel ya fitar da guntu mai lamba 1103, wanda yake ɗaukar ƙwayar bayani 1024, kwatankwacin harafi 128, wato layi biyu na rubutu. A cikin ƴan shekaru ya kori saƙar zobba daga kasuwa. Kwamfutar IBM ta tebur da ta fito a watan Agusta na 1981, wadda ita ce kakar mafi yawan na'urorin da ke ofisoshin Nijar, ana iya sayenta da ƙwaƙwalwar aiki ta kilobait 16 kacal.

Daga shekarun 1980 aka fara jera guntayen a kan ƴar siririyar sanda mai haƙoran tagulla a gefe ɗaya, wadda ake sokawa a cikin gurbi. Na farko suna da haƙori 30, na bayansu 72. Wata ƙungiyar masana'antu a Amurka, JEDEC, ita take tsayar da ma'aunin da kowa zai bi. A ƙarshen shekarun 1990 sandar SDRAM mai haƙori 168 ce take yayi, tana aiki da wuta bolt 3,3. A 2000 DDR ta fito da haƙori 184 da bolt 2,5. DDR2 ta biyo baya a 2003 da haƙori 240 da bolt 1,8, sai DDR3 a 2007, ita ma haƙori 240 amma bolt 1,5. DDR4 ta shigo kasuwa a 2014 da haƙori 288 da bolt 1,2, sannan aka tsayar da ma'aunin DDR5 a 2020, haƙori 288 da bolt 1,1. Kowane zamani ya fi na gabansa sauri, ya kuma fi shi ƙarancin shan wuta, kuma babu ɗaya da yake jin yaren ɗan uwansa.

Tun daga SDRAM har zuwa DDR5, tsawon sandar kwamfutar tebur kusan ɗaya ne, shi ya sa ido yake ruɗuwa. Abin da ya raba su shi ne wata ƴar tsaga a tsakanin haƙoran, wadda take dacewa da wani ɗan tudu a cikin gurbi. Da gangan ake matsar da tsagar a kowane zamani, domin sandar da aka yi wa bolt 1,5 kada ta faɗa gurbin da zai ɗura mata 1,8 ya ƙone ta. Wanda ya ga sanda ta ƙi shiga ya danna da ƙarfi, ko ya sa zarto ya faɗaɗa tsagar, ya rushe katangar da aka gina domin kare shi.

Rikicin shekarar 2000 da duwatsun murhu

Mai tambaya yana iya cewa: me ya hana a ƙera wani tafinta da zai shiga tsakanin tsohuwar ƙwaƙwalwa da sabuwar uwar kati? An gwada, kuma wanda ya gwada shi ne babban kamfanin da ya fi kowa ƙarfi a fagen. A ƙarshen shekarun 1990 Intel ya jingina da wata irin ƙwaƙwalwa ta kamfanin Rambus, mai sauri amma mai tsada ƙwarai. Da masu saye suka noƙe, sai ya ƙera wani guntu da zai fassara tsakanin sabbin uwayen katinsa da sandunan SDRAM masu araha. Tafintan ya riƙa kuskure, na'urori suna tsayawa ko su sake tashi da kansu, har a watan Mayu na 2000 kamfanin ya nemi a maido masa da uwayen kati da yawansu ya kusa miliyan ɗaya. Masarrafin Pentium 4 da ya fito a watan Nuwamba na wannan shekara ya fara ne da ƙwaƙwalwar Rambus kaɗai, wadda sai an sa ta biyu-biyu, a kuma toshe guraben da suka rage da wasu sanduna marasa komai. Kasuwa ta zaɓi DDR, Intel ya bi sahu a farkon 2002. Na'urorin Rambus suka zama marayu, kuma da ofisoshin Turai da Amurka suka sallame su, suka bi ayarin kayan gwanjo. Duk wanda rabonsa ya faɗa kan irinsu ya sami na'ura mai aiki wadda ƙara mata ƙwaƙwalwa ya fi ƙarfin aljihu.

Sauyi na biyu ya fi wannan zurfi. A da, sashen da yake magana da ƙwaƙwalwa yana zaune ne a kan uwar kati, dabam da masarrafi. A 2003 kamfanin AMD ya shigar da shi cikin masarrafinsa na Athlon 64, Intel ma ya yi haka a watan Nuwamba na 2008 da Core i7 na farko. An sami ƙarin sauri, amma tun daga nan masarrafi ne yake yanke irin ƙwaƙwalwar da za ta yi aiki, uwar kati kuma take yanke irin gurbin da za a soka ta. Su ukun suka zama kamar duwatsun murhu: in aka sake girman ɗaya, tukunya ba za ta zauna ba sai an daidaita sauran biyun.

Misalai na kusa sun nuna haka. Masarrafan Intel na zubi na 12, da suka fito a 2021, suna jin yaren DDR4 da DDR5 duka, amma kowace uwar kati iri ɗaya kawai take karɓa. Mazaunin AM5 na AMD, na 2022, ba ya karɓar komai sai DDR5. Wanda ya ɗan sassauta wa masu ƙaramin ƙarfi shi ne mazaunin AM4, da ya fito a 2016 ya yi shekaru ana ƙera masa sabbin masarrafai, ta yadda mutum yana iya sake masarrafi ya bar uwar kati da ƙwaƙwalwarsa, muddin an sabunta ƴar manhajar da ke tayar da uwar katin.

Hanyar da na'urorin suka biyo zuwa Tawa

Intanet ta shigo Nijar a 1997 ta hannun kamfanin Sonitel, kuma a shekarun 2000 ne gidajen shiga intanet da wuraren buga takardu suka yaɗu a manyan biranen jahohi. A Tawa, buƙatar ta ƙaru da kafa jami'a a 2010, wadda daga baya aka sa wa sunan Djibo Hamani. Sai dai kaɗan ne daga cikin na'urorin da suka shigo gari suka zo sababbi a kwali. Mafi yawa sun gama wa'adinsu a wani ofishi na ƙetare. Wasu sun sauka a Kwatano, suka biyo ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni, suka karkata arewa a Tsarnawa, hanyar da ta kasance babbar ƙofar kayan Nijar har zuwa rufe iyakar Binin a 2023. Wasu sun fito daga kasuwannin Ikeja da Alaba na Legas, suka ratso Kano ko Sakkwato, suka tsallako ta Illela. Wasu kuma sun zo a cikin jakar ƴan ci-rani, domin Adar ƙasa ce da samarinta suka daɗe suna tafiya Abijan da Nijeriya da Libiya da Aljeriya, kuma kamar yadda iyayensu suka dawo da rediyo mai kaset, su ma sun dawo da kwamfutar hannu. Ga kuma kyautar ƙungiyoyin agaji da garuruwan Turai masu ƙawance da na nan.

Ba duka kayan ne na kirki ba. A watan Oktoba na 2005, wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta fitar da rahoto cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan lantarki suke shiga Legas kowane wata, kuma masu sana'ar a can sun ƙiyasta cewa har kashi 75 cikin 100 na iya zama shara. Wannan kuwa duk da yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba cikin Afirka.

Abin da ya fi muhimmanci ga tarihin nan shi ne yadda zamunna suka iso. A ƙasashen da ake ƙera su, SDRAM ta wuce kafin DDR2 ta zo, DDR2 ta wuce kafin DDR4. A Tawa kuwa sun iso a cakuɗe, kamar kaka da ɗa da jika sun sauka daga mota ɗaya. Ɗakin kwamfuta guda na makaranta yana iya ƙunsar zamani uku, ta yadda in na'ura biyu suka mutu ba lalle a haɗa su a tayar da ɗaya ba. Yanayin ƙasa ya ƙara nasa. Zafin bazara da yake haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da wutar da take ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, sun fi kashe akwatin wuta da uwar kati. Sandar ram kuwa, da yake ba ta da abin da yake juyawa a jikinta, takan rayu bayan uwar katinta ta mutu. Shi ya sa aljihun teburin mai gyara yake cike da lafiyayyun sanduna da ba su da gidan zuwa. Ƙura ma tana da nata ruɗin: na'urar da ta ƙi tashi tana kuka ƙit-ƙit sau da yawa ba sabuwar sanda take nema ba, haƙoran tsohuwar ne suka yi datti, a cire a goge su da abin goge fensir a mayar.

Ko tsaga ta dace, akwai rashin jituwar da ido ba ya gani, kuma kasuwar gwanjo ta fi kowace cika da shi. Sandunan da aka ciro daga manyan na'urorin kamfanoni suna da araha da girma, suna kuma shiga gurbi, amma yawancinsu ba sa aiki a kwamfutar tebur. Kwamfutocin hannu da yawa na wajen 2013 zuwa gaba suna neman DDR3L mai bolt 1,35, ba sa amsa DDR3 ta gama-gari. Tsohuwar uwar kati tana iya ganin rabin sandar da guntayenta suka fi ƙarfin saninta, ko ta ƙi ganinta sam. Manhajar Windows mai bit 32 ba ta amfani da abin da ya wuce gigabait 4, ko nawa aka soka. In kuma aka haɗa sanda mai sauri da mai nawa, duka biyun za su bi tafiyar mai nawa. Ga malamin da ya taso daga Keita ko Tamaske ko Barmu ko Takanamat, kuskure ɗaya daga cikin waɗannan yana nufin kuɗin mota sau biyu, in kuma sai an aiko da kayan daga Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, yana nufin makonni ba aiki.

Ba son sabon abu ne yake tura mutane ga wannan canji ba, manhaja ce. Windows XP ta 2001 tana tashi da megabait 64. Windows 7 ta 2009 ta nemi gigabait 1. Windows 11 ta 2021 ta nemi gigabait 4, wato ninki 64 a cikin shekara 20, ban da sharaɗin da ta gindaya a kan shekarun masarrafi. In kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya.

Abin da ke cikin gafaka

Asarar sandar ram asarar kuɗi ce, ana mayar da ita. Asarar rumbu ita ce wadda ba ta da magani, kuma shi ma rumbun tarihin nan bai bar shi ba. Faifan shekarun 1990 da farkon 2000 yana haɗuwa da uwar kati ta wata faffaɗar igiya mai rami 40. Daga 2003 siririyar igiyar SATA ta fara maye gurbinta, kuma ba a daɗe ba sabbin uwayen kati suka daina zuwa da mazaunin tsohuwar igiyar, haka ma na disket, wanda kamfanin Sony ya daina ƙerawa a 2011. Saboda haka ranar da aka sake uwar kati, tsohon faifai yakan rasa inda za a jona shi. Sai a bar shi a cikin gangar tsohuwar na'ura, wata rana a sayar wa masu awon ƙarfe. In kuma ya jonu, mai gyara yakan share shi domin ya zuba sabuwar manhaja, tunda aikin da aka ba shi tayar da na'ura ne, ba wanda ya gaya masa abin da ke ciki.

Abin da ke ciki kuwa ba ƙarami ba ne. Tun 1973 Nijar ta buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, kuma malaman da suka biyo wannan hanya, da na yaƙi da jahilci, sun rubuta darussa da ƙananan littattafai da ba a taɓa bugawa da yawa ba, da Hausa da Tamajak da Fulfulde. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suna da rubutattun wasanninsu. Gidajen rediyon karkara sun juye kaset-kaset na hira da dattawa zuwa kwamfuta, suka yar da kaset ɗin. Tawa ta san darajar irin wannan ajiya, domin hikayoyin Albarka Cibau, wanda gidan matasa da al'adu na birnin yake ɗauke da sunansa, sun wuce zamaninsa ne saboda rediyon ƙasa ya ɗauki muryarsa, har aka fassara wasu zuwa Ingilishi aka buga su a Amurka a 1993.

Ko an tsirar da faifan, rubutun Hausa yana da nasa rashin jituwar. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta, ASCII, yana da gurbi 128 ne kawai, waɗanda suka biyo shi 256, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsu. Dabarar da aka yi a shekarun 1990 ita ce a ɗauki zubin haruffan Turawa, a goge surar wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafi mai lanƙwasa a wurinta. Da haka Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zubin Rabi'at da Abdalla, a Nijar ma aka yi irinsu, ciki har da wanda yake ɗauke da sunan cibiyar INDRAP. Sun yi wa harshe hidima babba. Amma a can cikin na'ura, lambar da aka ajiye ta tsohuwar alamar ce, surar kawai aka sauya. In aka buɗe rubutun a sabuwar kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai ƙasa da ɗaki da ɓera su fito da baƙin alamomi a inda lanƙwasa take.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan nan lambarsa ta dindindin, sai dai an ɗauki shekaru kafin manhajoji da allunan bugu su kama. A tsakani, a 1999, ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, wadda ta tabbatar da ƴ a inda Nijeriya take rubuta y mai ɗauke da waƙafi a gabanta. Aikin DiLAF, na haɗin gwiwar masana daga Nijar da Mali da Faransa, ya nuna cewa ceto yana yiwuwa: an ɗauki ƙamusoshin Hausa da Zarma da Kanuri da Tamajak da aka shirya domin makarantun Nijar, aka bi alamominsu ɗaya bayan ɗaya aka mayar da su Unicode, aka sa su a intanet. Tafintan da ya gagara tsakanin sanda da gurbi, a nan yana samuwa, amma da sharaɗin rubutun da zubin haruffansa suna nan.

Shekarar 2025

Abu uku suka haɗu a wannan shekara. A watan Maris, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, abin da ya ɗaga darajar duk wani darasi da ƙamus da labari da aka taɓa rubutawa da ita. A ranar 14 ga Oktoba, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin gama-gari na Windows 10, kuma galibin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wanda yake nufin ofisoshin duniya suna da dalilin sallamar miliyoyinsu zuwa kasuwar gwanjo. A cikin shekarar kuma manyan masu ƙera ƙwaƙwalwa uku, Samsung da SK Hynix da Micron, suka karkata ga DDR5 da irin ƙwaƙwalwar da cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suke nema, suka rage DDR4, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Tsohuwar sandar da ake yi wa kallon tarkace ta koma kadara.

Kammalawa

Darussan da wannan tarihi ya bari ba su da wuyar riƙewa. Kafin a sayi komai, a rubuta sunan uwar kati da lambarta, a nemi jerin masarrafai da irin ƙwaƙwalwar da take karɓa, a kuma gwada sanda a gaban mai sayarwa. A yi lissafin duwatsun murhu uku tare, domin sau da yawa ƙara ram da sa sabon rumbu mara juyawa ya fi sake masarrafi araha da amfani, kuma manhajar Linux tana raya na'urar da Windows ta sallama. Makarantu da ƙungiyoyin gari ɗaya suna iya rubuta wa sandunan da suka rage musu suna, su riƙa musaya.

Game da gafaka kuwa, kada na'ura ta tafi wurin gyara sai an kwafe abin da ke cikinta a wuri biyu, kuma a karɓo tsohon faifai a hannu, domin akwai ƴar igiyar USB da take karanta shi. A ajiye tsohon zubin haruffa tare da rubutun da aka yi da shi, a mayar da rubutun Unicode tun masu sanin dabarar suna raye, a buga mafi muhimmanci a takarda, a kai kwafi jami'ar Tawa ko cibiyar IRSH ko CELHTO a Yamai. Malaman zaure na Adar ba su taɓa dogara da ƙarkon takarda ba. Littafi ya kai ga jikoki ne saboda a kowane zamani an sami wanda ya zauna ya sake kwafe shi kafin gara ta gama da na hannunsa. Takardar zamanin nan ta fi waccan saurin tsufa, shekara uku zuwa bakwai ke nan tsakanin tsaga da tsaga, don haka kwafin ma sai ya fi yawa. Da tsohuwar zuma ake magani, in an sami wanda ya adana ta.